Amanar Murjani a Gidan Maiturare

Daura, 12 ga Afrilu

Zuwa ga Uwata Hadiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da duk mutanen jirgin binciken nan naku, musamman matuƙinsa, don shi na fi yi wa addu'a. Yaya aiki, yaya jiri? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa kaji ke yawo baki buɗe. Ummanki na gaishe ki. Ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura miki, ki gani duk ranar da jirginku ya matso gaɓa wayarki ta kama. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ubanki aji huɗu ya yi a firamare, shi ma ta taga ya fita.

Bari in maimaita aikin yadda na fahimce shi, in da kuskure ki gyara. Murjaninki, wanda kika raina shekara uku a Legas tun yana kamar ƙwayar gyaɗa, yana ajiye a Kano wajen Malam Zailani mai sayar da kifin ado. Shi zai rufe shago ya tafi aikin Hajji a tsakiyar Mayu, ke kuma ba za ki sauka ba sai gab da Babbar Sallah. Ke nan kafin ya tashi, dole in haɗa teku a cikin ɗakinki, a nan Daura. Ni, Audi Maiturare, wanda ruwa mafi girma da ya taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gari.

Ban manta kallon da kika yi mini ba ranar da na bugi ƙirji na ce a bar mini. Kika ce, Baba, wannan fa ba abin wasa ba ne. Kina da gaskiya. Shekara nawa ina kiranki Malamar Kifi a gaban baƙi, ina cewa kin je koyon iyo za ki dawo ki koya wa raƙuma? Kowa ya yi dariya, ke kaɗai ba ki yi ba. Ni kuwa shekara talatin ina sayar da murjanin wuya a gefen kwalaben turarena, ban san dabba ne mai baki ba sai da kika faɗa.

Ga inda aka kwana. Babban akwatin gilashi ya hau kan kabad. Ƙaramin yana ciki daga ƙasa, inda ruwa zai riƙa gangarowa a tace shi, famfo ya sake tura shi sama. Na ɗaura safar da ke tare datti, na sa jakar gawayi, na kafa tukunyar nan mai yin kumfa. Na'urar tace ruwan rijiya kuwa, ban taɓa ganin marowaci irinta ba, yini guda jarka biyu. Da na ga ƙanƙantar buhun gishirinki na so in haɗa da gishirin Bilma da ake ba shanu, sai na tuna kallon nan naki. Na dama shi yadda kika rubuta, na leƙa madubin awo, ya nuna ɗaya da ɗigo sifili biyu biyar. Na leƙa sau bakwai don kada ya sake shawara.

Jiya duwatsun nan masu rai suka iso daga Kano cikin jiƙaƙƙen buhu. Uwata, in wannan ne rai, to mutuwa sai a tambaya. Wari har zaure. Ummanki ta ɗebo garin sabulu za ta wanke su ta shanya, na tare. Ta juya ta ɗauko kaskon turaren wuta, na sake tarewa, na karanta mata doka ta uku a takardarki: ba turare, ba maganin sauro a ɗakin nan, don tukunyar kumfa iskar ɗaki take zuƙa ta cusa cikin ruwa. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa jin mai turare ya hana turare ba, sai yau da aka yi baƙin duwatsu.

Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma dokokinki suna aljihuna. Allah ya tsare mini ke.

Ubanki,
Audi Maiturare

Daura, 29 ga Afrilu

Uwata Hadiyya,

Sallama da gaisuwa. Yaya lafiyarki, yaya ruwa? Saƙonki ya iso, layi uku, na sa Ummanki ta karanta mini sau huɗu. Kin ce in yi haƙuri, sai ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani sun hayayyafa a jikin duwatsu sun fara cinye gubar ruwa, sannan akwatin zai karɓi murjani. To ina kiwonsu. Maƙwabta sun ji labari suna ta zuwa ganin kifi, sai su tarar da ni zaune gaban duwatsu. Wani ya tambaye ni me nake kiwo, na ce abin da ba a gani. Ya ce akwai wani malami a Baure da ya ƙware a kan irin wannan.

Kowace safiya nakan ɗebi ruwa a 'yar kwalba in ɗiga maganin gwaji in jira launi. Sati na farko kore ya yi shar, wato guba ta cika. Yanzu yana komawa rawaya, wadda kika ce ita ake nema. Ban taɓa zaton zan yi murna da ruwa mai kalar fitsari ba.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Fanka tana kan ruwan tun hantsi, sola tana riƙe da ita ko an ɗauke wuta, in rana ta take nakan jefa gorar ƙanƙara a akwatin ƙasa. Amma ga abin kunyar da na yi. Ruwa yana raguwa kullum saboda fankar, ni kuma da wayona na ce abin da ya tafi a mayar da irinsa, nake cikawa da ruwan gishiri. Kwana biyar madubi yana hawa, ina zaginsa. Ummanki ta shigo, ta tsoma ludayi ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ce, Malam, in miya ta tsotse a wuta, gishiri kake ƙara mata ko ruwa? Na ce ai wannan kimiyya ce ba miya ba. Ta ɗauki ludayinta ta fita. Da na duba takardarki, ga shi nan doka ta shida, a cika da ruwa zalla. Yanzu ko tari na yi sai ta ce ko a ƙara ruwa.

Abu ɗaya ke damuna. Tukunyar kumfa wani lokaci takan yi aiki, kumfa ta hau, ta tara baƙin datti a kofinta. Wani lokaci kuma, musamman da safe bayan na gama goge gilashi da wanke safa, sai kumfar ta kwanta kamar an yi mata tsawa, ba ta tashi sai bayan azahar. Na buga wa Malam Zailani, ya ce sabuwar tukunya takan yi haka. Allah ya sa. Saura sati biyu ya tashi.

Ki riƙa cin abinci ko da kifi ne. Naki har kullum,
Baba

Daura, 15 ga Mayu

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Mu jikinmu lafiya.

Ranar Asabar na je Kano na ɗauko shi. Malam Zailani ya gwada ruwan da na kai masa a gora ya ce ya yi, ya sa murjanin a leda cikin kula. Tun daga Kano har Daura kular tana kan cinyata. Kwandasta ya ce a sa ta a but, na ce sai dai a sa ni tare. Wata tsohuwa kusa da ni ta tambaya ko maganin asibiti ne, na ce jikana ne. Ba ta sake yi mini magana ba har Kazaure.

Na saba masa da ruwan a hankali, ɗigo ɗigo, yadda kika rubuta, na ɗora shi kan dutse. Kai uku gare shi a kan kara ɗaya. Da la'asar sai ya buɗe. Uwata, ban san haka yake ba. Wasu 'yan yatsu masu laushi suka fito, bakinsu kore, suna rausaya kamar gero ya ji iskar hadari. Na kira Ummanki, muka tsaya har aka kira magariba. Na so in yi barkwanci, ban samu ko ɗaya ba.

Wannan ranar Asabar ke nan. Lahadi ya buɗe rabi. Tun Litinin ya dunƙule, bai sake fitowa ba, kuma kai ɗaya ya fara fitar da wani abu kamar majina. Malam Zailani ya tashi shekaranjiya, wayarsa a kashe. Gishiri daidai, zafi daidai, kwalba rawaya. Ba abin da ban yi ba. Kullum da safe sai na sa hannu na goge gilashi, na gyara masa zama, yau kusa da haske, gobe nesa, na wanke safa sau biyu maimakon ɗaya. Kuma kafin in taɓa ruwan sai na wanke hannu da sabulu har gwiwa, kamar mai alwala.

Jiya da na sunkuya kan akwatin sai na ji ƙamshi, kaɗan, amma hancina ba ya ƙarya, da shi nake ci. Na fita na sami Ummanki a madafa na ce ta faɗa mini gaskiya, in na tafi shago tana kunna turaren wuta ko? Ta ce wata guda ke nan kaskonta na kife. Na ce to aljanu ne ke turara ɗakin? Na faɗi wasu maganganun da ba sai na rubuta ba. Ta tashi ta tattara humrarta da kwalabenta duka ta zuba a kwali ta ajiye mini a ƙofar ɗaki, ta ce daga yau ko na jiki ta daina, a ga wanda za a ɗora wa. Yanzu maganarmu ba ta wuce abinci na nan. Wannan takardar ma ban san ko za ta tura ba.

In kin samu sabis, don Allah ki gaya mini abin da zan yi. Ko zagi ne ki haɗa, zan karɓa.

Ubanki,
Audi

Daura, 21 ga Mayu

Zuwa ga Uwata Hadiyya,

Bayan sallama da tambayar lafiyarki. Na ga ba ki buɗe takardar da ta wuce ba, na san kuna tsakiyar ruwa. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Kai ɗaya ya mutu. Ranar Asabar naman ya saɓule, ya bar farin ƙashi. Na tsaya a kansa har na yi tunanin in juya wannan gefen ya kalli dutse, in kin dawo in ce da ma haka na karɓo shi. Har na naɗe hannun riga. Abin da ya hana ni, aka yi sallama aka ce ɗan baffana ya rasu a Mashi. Ba halin kirki ne ya hana ni ba, gara ki sani.

Kwana biyu na yi a wajen zaman makoki, ina karɓar gaisuwa, zuciyata na ɗakinki. Allah ya yafe mini, mutane suna ganin idona ya yi ja suna cewa Audi akwai zumunci. Kafin in tafi na roƙi Ummanki ta ƙara ruwa kawai ta kunna fanka. Ta ce ta ji.

Da na dawo jiya da hantsi, ko takalmi ban cire ba na faɗa ɗakin. Kawuna biyun nan a buɗe, suna rausaya, tukunya tana ta kumfa, kofinta ya cika da datti. Na yi hamdala. Na ga ɗan gansakuka a jikin gilashi, na je na wanke hannu da sabuluna, na tsoma. Ummanki na tsaye a bakin ƙofa. Kafin in kai ƙasan gilashin, kumfa ta kwanta. 'Yan yatsun nan suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya, kamar yara sun ga mai allura.

Ummanki ta bar bakin ƙofa. Ta tako ta kama hannuna ta fitar da shi daga ruwan, ta kai hancinta, sannan ta kai mini nawa. Ta ɗauko sabulun da nake wankewa da shi, shi ma ta kai mini. Sabulun shagona ne, mai almiski, wanda nake cika baki da cewa ƙamshinsa na kwana uku a jiki.

Uwata, ni ne. Shekara talatin ina ɗura man turare daga babbar kwalba zuwa ƙanana, ya shiga fata, ya shiga ƙarƙashin farce, ya shiga hannun riga. Ni ba na jinsa a jikina, kamar yadda mai jima ba ya jin warin jima. Na hana kasko, na hana maganin sauro, na tsare ƙofa kamar dogari, alhali gubar ni nake kai ta da hannuna kowace safiya, kuma ranar da na fi damuwa ranar na fi zuba masa. Laifi tudu ne. Na taka nawa na hango na baiwar Allah da ba ta yi komai ba.

Na ba ta haƙuri a tsakar gida, da murya, yadda maƙwabta za su ji, tunda da murya na yi mata laifin. Ta ce ta haƙura, amma daga yau ɗakin nan nata ne. Ta sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ina daga taga ina karanta mata takardarki. Ta sa sabon gawayi a jaka. Gilashi kuwa, ta ɗaura soso a kan sabuwar muciya, ba ta tsoma hannu sam.

Ban san ko biyun za su tashi ba. Har yanzu a dunƙule suke. Kin ba ni abu mai kai uku, na san lissafi har nan. Ba ni da wasan da zan rufe takardar nan da shi.

Ki yafe wa ubanki,
Audi

Daura, Juma'a, 30 ga Mayu

Uwata Hadiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida matuƙi, ku sauka lafiya. Saƙonki ya iso jiya da yamma. Ummanki ta karanta, ta kai inda kika ce kin yi kuka, sai ta tsaya ta kalle ni, don in ji da kyau. Na ji. Sannan ta karanta inda kika ce laifin har da naki, da kika rubuta doka goma ba ki rubuta hannu ba. Wannan ban karɓa ba. Wa zai zauna ya rubuta wa mutum cewa ya yi hankali da kansa? Kin kuma ce kada a jefar da farin ƙashin, a bar shi a jiki. Yana nan, yana kallon ƙofa, ba dutse ba.

Ga labari. Kwana tara ke nan ban buɗe shago ba. Ba wanda ya sa ni. Na ga ba zan iya ƙarasa wannan aiki daga taga ba kamar ɓarawon kaza. Na wanke hannu da toka, na wanke da lemun tsami, na dirje da yashi, na yanke farce har ya yi jini. Rigunana duka Ummanki ta dafa su ta shanya sau biyu. Kowace safiya nakan je bakin ƙofar ɗakinki in miƙa hannu, ta shinshina, ta ce da saura, in koma taga. Ko jami'in kwastan na kan iyaka bai kai ta ba, shi aƙalla akan yi masa magana.

Yau na je masallaci ba ko ɗigon turare a jikina, karo na farko tun ina saurayi. Wanda muke sahu ɗaya da shi shekara da shekaru ya juyo ya dube ni, ya tambaya ko an yi mini gobara a shago. Na ce a'a, jinya nake. Ya ce wa? Na ce jikana. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, na ce amin da gaske.

Da na dawo na miƙa hannu, ta shinshina na dama, ta shinshina na hagu, ta daɗe. Ta ce in shiga, amma hannu a baya. Na shiga kamar ɗan makarantar da aka kira ofishin hedimasta. Uwata, biyun a buɗe suke. Na daman ya fito sosai, na hagun yana ɗan noƙewa, amma ya fito. Na tsaya taku biyu daga gilashin, na ƙirga har ɗari, kumfa ba ta kwanta ba, su ma ba su gudu ba. Ummanki ta ce kada in ɗauka sun yafe mini, ba su gane ni ba ne kawai.

Ban ce an tsira ba. Saura kwana biyar ki iso, kuma zafi bai sauka ba, ga hadari yana haɗuwa yana watsewa, sola ba ta cika caji. Ina kwana da lissafin ƙanƙara. Amma abin da ya rage na amanarki yana numfashi, kuma yana hannun wadda ta fi ni.

Ranar Laraba zan zo tasha da kaina. Ummanki ta ce tun kina rarrafe, kafin in yi sallama kike nufar ƙofa, don ƙamshi ke riga ni shiga gida. To wannan karon kada ki neme ni da hanci, za ki wuce ni. Ki duba wani tsoho mai dafaffiyar riga, hannuwansa a baya.

Ubanki mai ƙaunarki,
Audi